BAKIN DA YA KASHE AGALI

Shafi na 19

Da sunan Allah Mai rahama.

Masu tsine wa Zinariya a akwatin saƙona, duk na gani, na kuma karanta. Hajiya Raihana ta Zango har rantsuwa ta yi, wai in asiri bai tonu yau ba ta bar karatu. To ku gyara zama.

* * *

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Zinariya ta tsame hannu daga ruwan wanke-wanke, ta kasa kunne.

Shiru.

Hantsi ne fa, rana tar a tsakar gida, kaji na tono a gindin zogale. Amma tsigar jikinta ta tashi kamar wadda aka watsa wa ruwan randa.

Yau kwana arba'in cif da aka kashe Agali, Buzun da ya shekara goma sha shida yana ƙera zobba da awarwaron azurfa a bayan katangarta. Kwana arba'in, amma babu ranar da ba ta jin bugun 'yar gudumarsa. In tana salla ta ji. In tana tuƙa tuwo ta ji. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, ta sa karatu a waya har caji ya ƙare. Da karatun ya tsaya, sai gudumar ta ɗauka.

Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Mijinta Zailani yau kwanansa hamsin da biyu a hannun 'yan bindiga, tun da suka tare motar shanu a hanyarsu ta dawowa daga wata kasuwa can yamma. Sau biyu suka kira, daga nan ɗif.

"Maman Firdausi."

Kwanon hannunta ya suɓuce ya faɗa ruwa.

Daga inda damina ta cinye kan katanga muryar ta fito, inda suka saba miƙa wa juna gishiri da garwashi. Fadimata ce, matar marigayin. Goshinta kawai ake gani da baƙin mayafi.

"Na'am... Fadimata. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Ki shigo, ina son ganinki."

"Wallahi jikin ne, tun jiya kaina..."

"Kin san ina takaba, ba ni da halin fita. Da ni zan zo. Ki shigo."

Goshin ya ɓace.

Zinariya ta daɗe a tsugune kafin ta tashi ta ɗauki mayafi.

* * *

Layin Tsamiya ya canja, ko makaho ya shigo zai sani.

Da can wuri ne da kowa ya kawo tasa. Bahaushe, Bafillace, Babarbare, Buzu, ga Mama Sikira Bayarabiya mai injin markaɗe, ga Oga Chidi mai kantin magani wanda Daurancinsa ya fi na wasu haifaffun gari. Suna ɗaya ake yi, biki ɗaya, makoki ɗaya.

Yanzu layi biyu ake yi a famfo. Ba wanda ya ce a yi, haka kawai aka wayi gari: baƙaƙe nan, farare can. Masu tallar nono sun daina shigowa. Oga Chidi da la'asar yake rufe kanti. An rubuta da gawayi a ƙofar gidaje huɗu: KU KOMA GARINKU. Ɗaya daga cikin gidajen, mai shi a Daura aka haifi kakansa, har yau danginsu na da gida kusa da Kusugu. Hasken fatarsa ne kawai ya ja masa.

Can bakin layi, a gindin tsamiya, Saminu da yaransa suna zaune a kan benci, gorori jingine da bishiya. Wai tsaron unguwa suke.

Zinariya ta sunkuyar da kai ta wuce tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidan Agali. An shafa addu'ar arba'in an watse. Tabarmi biyar aka shimfiɗa, ɗaya ce kawai ta nuna alamar an zauna.

A zaure ta ga maƙerar. An rufe ta da buhu. Ta kau da kai da sauri, ta yi sallama.

Fadimata na zaune a bakin ɗaki, gabanta 'yar butar shayi a kan garwashi. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Matar maƙerin azurfa, amma kunnuwanta fayau, hannunta fayau.

"Zauna."

Ta zauna a gefen tabarma.

"Ina Firdausi?"

"Tana makaranta. Ina Anwar?"

"Yana ɗaki. Ya daina zuwa." Fadimata ta ɗaga buta sama ta tsiyaya shayi a 'yar ƙaramar tambulan, kumfa ya taso. "Yara sun sa masa suna. Ɗan infoma."

"Subhanallahi."

"Sha."

Zinariya ta karɓa. Shayin ya zubo mata a yatsa, ba ta ma ji zafin ba.

"Shekara nawa muke tare, Maman Firdausi?"

"Sha shida."

"Wa ya yanke wa Anwar cibiya?"

"Ni ce."

"Da na zo garin nan ban san ko 'ruwa' da Hausa ba. Wa ya koya min?"

"Fadimata, me ya kawo wannan..."

"Kwana arba'in ba ki tako gidan nan ba. Na ce uzuri gare ta, ita ma tana cikin nata tashin hankalin. Kullum haka nake gaya wa zuciyata."

Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta fito da waya. Babba ce mai fasasshen gilashi, ba irin 'yar ƙaramar da Zinariya ta san ta da ita ba.

"Ta Mama Sikira ce. Jibi za ta koma Ilori, ta sayar da injin. Shekara talatin a Daura. Ta ce in yau farare ne, gobe masu tsagen fuska ne. Da ta shigo sallama na riƙe ƙafarta, na ce ba za ta fita ba sai ta jiyar da ni saƙon nan da ya kashe mijina. Kowa a layin nan ya ji shi, sai ni."

Ta ɗago ta dubi Zinariya.

"Kin taɓa jin sa?"

"Na... na ji ana maganarsa."

"To mu ji tare."

Ta danna.

Wata murya ce ta mace, a dishe, a shaƙe, irin ta wanda ya kwana goma yana kuka. Ko uwar da ta haifi mai ita ba lalle ta gane ba.

"Wallahi Buzun nan shi ne. Maƙerin nan. Da kunnena na ji yana waya da yarensu yana ambaton sunan wanda aka sace, har sau uku. Shekaranjiya ma wasu masu rawani biyu sun zo masa a babur, suka shige zaure suna ƙus-ƙus. Ashe maciji muke kiwo. Duk jar fatar nan bakinsu ɗaya, su ke sayar da mu..."

Ya ƙare.

Kaza ta yi kuka a wani gida.

"Allah Ya isa," Zinariya ta ce. Ita kanta ba ta san daga ina kalmar ta fito ba. "Allah Ya isa ga wadda ta yi wannan."

Fadimata ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"Amin," ta ce a hankali. "Bari in sake sawa. Wannan karon kada ki saurari maganar. Ki saurari abin da ke bayanta."

Ta ƙure ƙarar, ta kara wayar a kunnen Zinariya.

Muryar ta sake tashi. A ƙarƙashinta, can nesa kaɗan, siriri amma a fili:

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Tambulan ɗin ta faɗi ta fashe.

"Kin ji shi?" Idon Fadimata ya kawo ruwa amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Yana aiki. Yana nan da ransa, taku biyar tsakaninsa da bakin da ke kashe shi. Sau ashirin na saurara tun jiya, ba don maganar ba, don in ji hannunsa."

"Fadimata..."

"Gidan nan, gabas masallaci ne. Arewa kango ne, awaki ke kwana. Gaba titi. Gida ɗaya ne tak ake jin gudumarsa haka."

Zinariya ta zame daga tabarma ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Rauda kaɗai na tura wa." Kuka ya ƙwace mata. "Wallahi tallahi ƙanwata kaɗai na tura wa! Ban ce ta sa a guruf ba. Kafin magariba ya zaga unguwa, na kira ta na ce ta goge, ta ce ai ya riga ya fita. Kwanana goma sha biyu ban runtsa ba a lokacin, Fadimata, ba ni cikin hankalina. Ina shanya a gindin katanga na ji shi yana waya, na ji sunan Baban Firdausi a bakinsa, sau uku! Ni ba Buzanci nake ji ba. Me zan ɗauka?"

"Ki leƙo ki tambaye ni."

"Na ji tsoro."

"Tsorona? Ni da kika yi wa wankan jego?"

Zinariya ta kau da kai.

"Kin ce jar fata bakinsu ɗaya." Fadimata ta miƙo hannunta, ta janye mayafin har gwiwar hannu. "Wannan ce? Ita ce dai wadda kike sa wa lalle duk salla, kina cewa ya fi kama ni. Yaushe ta zama abin tsoro?"

"Ki yafe min. Don girman Allah ki yafe min."

"Tsaya, ban gama ba. Kin san su wane ne masu rawanin nan?"

Ta girgiza kai.

"Ƙannensa ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Raƙuma suke kiwo, sun san daji kamar tafin hannunsu, daga nan har inda mota ba ta zuwa. Shi ya kira su tun daga bayan Mai'adua. Ya ciro hoton mijinki na ranar sunan Anwar ya ba su, ya ce, 'Wannan ɗan'uwana ne. Ku shiga ku tambaya, rijiya rijiya, ruga ruga. Kada ku dawo min hannu biyu.' Wayar da kika ji, kwatancensa yake musu."

Zinariya ta ɗora hannu a ka.

"Na ce masa bari in gaya wa Maman Firdausi ko hankalinta ya ɗan kwanta. Ya ce a'a, kada a sa mata rai a zo ba a dace ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Zuciyarki yake ji wa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

"Ranar Juma'ar, da suka tare shi a bakin layi ya dawo daga masallaci, ni sun kulle ni ta waje. Mama Sikira ce ta gani. Ta ce da suka fizge masa rawani bai rama ba, bai gudu ba. Magana ɗaya yake ta maimaitawa. Kin san me yake cewa?"

Zinariya ta toshe bakinta da mayafi.

"Cewa yake, 'Ku kira Maman Firdausi. Ku tambaye ta. Ta san ni.'"

"Na ji."

Fadimata ta tsaya cak.

"Me kika ce?"

"Na ji shi." Zinariya ta dubi ƙasa. "Tagata a buɗe take. Na ji yana kirana. Na tashi, na kai har zaure, na kama ƙofa... sai na ce in na fita za su gane muryata ce. Na koma ɗaki. Na danne kaina da filo har ya yi shiru."

Wannan ne Fadimata ba ta sani ba.

Ta miƙe tsaye a hankali, ta dafa bango. Bakinta na motsi da yarensu, wasu kalmomi da Zinariya ba ta taɓa ji ba duk zamansu. Ta ɗaga hannu sama kamar za ta kai mari. Zinariya ta rufe ido, ta miƙa fuska, har ga Allah so take ya sauka.

Bai sauka ba.

"Ba zan taɓa ki ba," Fadimata ta ce. "In na taɓa ki, kafin azahar an ce Buzuwa ta daki 'yar gari. A ƙone ni da ɗana."

Ta koma ta zauna, ta share fuska da gefen mayafi.

"Yau bayan la'asar akwai taro a ƙofar gidan mai unguwa. Su Saminu sun kai takarda, sun ce duk wani Buzu da duk wani baƙo mai farar fata ya tashi daga layin nan kafin Juma'a. Gida tara. Har da tsohuwar nan Inna Haulatu da ba ta gani."

"Na ji ana faɗa."

"Za ki je. Za ki tsaya gaban maza da mata ki ce muryarki ce. Ki ce ƙarya ce. Ki wanke shi."

"Fadimata, za su kama ni! Mutum biyar na hannun hukuma kan maganar nan, neman mai muryar ake yi. Iyayensu kuma cinye ni za su yi ɗanya. Firdausi fa? Ubanta ba ya nan, wa zan bar wa ita?"

"Anwar fa?"

"Ki ba ni lokaci. Ko sati ɗaya."

"Na ba ki arba'in ban ma san ina ba ki ba."

"In Baban Firdausi ya dawo ya ji wannan, wallahi sakina zai yi. Kin san yadda suke da marigayi, kwano ɗaya suke ci..."

"Har yanzu kanki kike ji." Fadimata ta girgiza kai. "Ni ban ce zan yafe ba, ban ce ba zan yafe ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma ɗana ba zai girma da sunan nan ba. In kin faɗa da bakinki, shi ke nan. In ba ki faɗa ba, zan karya takabar in fita da wayar nan, in Allah Ya so Ya kama ni."

Zinariya ta buɗe baki za ta sake roƙo.

Sai ƙarar babur.

Ya shigo layin a hankali, yana tari kamar mai ya kusa ƙare masa, ya zo ya mutu daidai ƙofar gidan.

Wata murya ta yi sallama, doguwa, da karin harshen da ba na gari ba.

Fadimata ta zabura. "Alkasum!" Ta dafe ƙirji. "Ƙaninsa ne. Wayyo, bai sani ba. Inda suke babu sabis, bai sani ba!"

Suka yi zaure a guje, Zinariya na tuntuɓe da buhun maƙera.

Dogon mutum ne a kan babur, rawani shuɗi ya rufe masa fuska sai idanu, ƙura ta yi masa fari fat har gira. A bayansa an ɗaure wani da gyale a ƙugunsa don kada ya faɗo. Wani ƙasusuwan mutum, gemu buzu-buzu, ƙafafu a kumbure an naɗe su da tsumma.

Mutumin ya ɗago kai.

Zinariya ta ƙwalla ƙara.

Zailani ne.

"Baban Firdausi! Baban Firdausi!"

Ta faɗi a gaban babur ɗin ta rungume ƙafar mai tsumma. Ya ɗora mata hannu a ka, hannun ba nauyi kamar kara.

"Zinariya." Muryarsa kamar iska a cikin buta. "Alhamdu lillahi. Jefar da ni suka yi a daji da suka ga zan mutu. Bawan Allahn nan ya tsince ni da hotona a aljihunsa. Wata guda yana jinyata a bukka, nonon raƙumi yake ɗura min. Na ce kada ya kai ni gida. Nan zan fara sauka. Ina ɗan'uwana? Kira min Agali."

Matan suka dubi juna.

Alkasum yana kwance gyalen, sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi tabarmin da ke shimfiɗe. Ya dubi rubutun gawayin da ke jikin ƙofa. Ya dubi baƙin mayafin matar yayansa da kunnuwanta da babu 'yan kunne.

"Fadimata," ya ce a hankali, "tabarmin wa ye wannan?"

Kafin ta buɗe baki, ihu ya tashi daga gindin tsamiya.

"Jama'a ga wani! Ga ɗaya daga cikinsu! Ga Zailani a ɗaure a bayansa!"

Saminu ne, ya riga ya suri gora. Benci ya kife. Ƙofofi suka fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, maza na fitowa wasu ko riga babu.

"Ya kawo shi karɓar kuɗi!"

"Ku tare bakin layi kada ya gudu!"

"A kawo taya!"

Zailani ya ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, ku tsaya," amma ko Zinariya da ke gindin ƙafarsa da ƙyar take jin sa.

Fadimata ta tsallake dokin ƙofa. Ta fito titi da takabarta, ta tsaya gaban ƙanin mijinta ta buɗe hannuwa. Ba ta dubi taron ba. Idonta na kan Zinariya.

"Tashi," ta ce. "Ke za su ji. Ki gaya musu duka, tun daga farko."

Zailani ya sunkuyo, idanunsa da suka zurma suna yawo tsakanin matan biyu.

"Ta gaya musu me? Zinariya, me za ki gaya musu? Ina Agali?"

Zinariya ta miƙe. Ta juya ta fuskanci layin, mutum ya fi hamsin, duk fuskokin da ta sani. Ta ja numfashi.

Dutsen farko ya sauka a goshin Fadimata.